Kwanon Ruwan Hadiza

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo Hadiza ofishin jandarma inda nake shara ba. Lokacin kaka ne. Goggonta ta kawo ta daga wani ƙauye wajen Tabla, hannu a karye. Hadiza babbar mace ce, amma tun haihuwa fahimtarta ba ta kai ta sauran mutane ba. Abin da aka koya mata, shi take riƙewa.

Ga yadda aikin yake. Likita ya ba da takardar rauni, mai ƙara ta faɗi wanda ya buge ta, sannan ajidan, babban wurin, ya aika magana kotu. In ta yi shiru, gidan mijin za ta koma.

Mijin Hadiza yana zaune waje da ƙannensa biyu. Ya ce, "Iskoki ne suka kayar da ita. Kowa ya san ta."

Ajidan ya tambaye ta a hankali, "Wa ya buge ki? Faɗi sunansa." Ta sunkuyar da kai. Goggo ta fashe da kuka, ta ce, "Ni na koya mata mace ba ta faɗin sunan miji."

Kunnena na hagu ba ya ji. Marin mijina ne, kuma ni ba wanda ya tambaye ni. Na aje tsintsiya.

"Ajidan, dole sai da baki?"

"Inna, ta nuna a gabana ma ya isa. Amma kada ki sa mata magana."

Na ɗebo ruwa a kwano, na ce, "Ɗiyata, kai ma wanda ya taɓa hannun nan."

Ta ɗauka da hannu ɗaya. Ta wuce ƙanen farko, ta wuce na biyu, ta durƙusa gaban mijin kamar yadda ta saba. Shi ma ya miƙa hannu kamar yadda ya saba.

Ajidan ya ce, "Mi ya yi miki?"

"Da taɓarya," in ji ta.

Magana ta tafi kotu. Hadiza ta bi goggonta.

Ku sababbin ma'aikatan ofishin nan, ku ji. A aikin nan, wanda ya yi shiru ba wai ba shi da magana ba ne. Ku nemi yadda yake faɗinta kafin ku sallame shi.