Mutumin da Ya Sa wa Ciyawa Kwaɗo

A Tumfure, in mutum ya sayi fili, kafin damina ta zagayo za ka ga yashi da bulo a jibge. Dakta Nehemiah ne kaɗai ya saya, ya kewaye da waya, ya sa ƙofa da kwaɗo, sannan ya bar ciyawa ta miƙe ƙafa a ciki kamar gidan ubanta.

Mutumin Kaltungo ne, dogo, mai tafiya kai a sunkuye. Baƙi kan ce kunya gare shi. Ba kunya ba ce, ciyawa yake dubawa. A jami'a yake koyar da ilimin filayen kiwo, digirinsa uku duk a kan abin da akuya ke ci. Matarsa Elizabet takan ce 'ya'yansu biyu, Sandra da ciyawar gamba, kuma gamba ce 'yar fari.

Yana da wani ƙarfe mai kusurwa huɗu kamar firam ɗin taga, wani mai walda a Bolari ya haɗa masa. Ranar Asabar yakan shiga filin, ya juya baya, ya wurga ƙarfen ta kan kafaɗa. Inda ya faɗi, nan zai durƙusa ya ƙirga duk tsiron da ke ciki.

Ɗantala mai keke, wanda ke kai shi gari, ya kasa haƙuri wata rana.

"Dakta, tsakani da Allah, wannan jifa ta baya ba surkulle ba ne?"

"In na duba kafin in jefa, idona zai zaɓi wuri mai kyau. Ido son kai gare shi, ƙeya kuwa ba ruwanta."

"Ai ko boka haka zai ce, ranka ya daɗe."

Abin da Dakta ke son nunawa shi ne me ƙasar nan za ta fitar in an ɗauke mata bakin dabba. Ta kuwa fitar. Shekara goma sha wani abu kofato bai taka wurin ba, sai ga kyasuwa da harkiya, ga gamba ta fi mutum tsawo, ga wasu irin da tsofaffi suka ce rabonsu da gani tun suna yara. In iska ta kaɗa, filin kan yi wani shuu kamar ruwa na tafe. Saura damina ɗaya ya kammala binciken da yake sa ran zai kai shi kujerar farfesa. Amma sa ɗaya in ya shiga, aikin duk ya rushe.

Sai aka yi wata bazara da ruwa ya ƙi sauka. Wani dattijon makiyayi, Giɗaɗo, ya biyo da shanunsa ta burtalin da ya sani tun yana bin mahaifinsa, ya tarar burtali ya zama gidaje da shaguna. Shanun sun rame har ana ganin haƙarƙari. Wata farar saniya ta zube a gindin wayar Dakta, ta cusa hanci tana shaƙar ciyawar da ba ta iya kaiwa.

Bafulatani ba ya roƙo. Giɗaɗo ya gicciya sanda a wuya, ya gaida Dakta, ya tambayi gida, ya tambayi zafi, idonsa a gefe.

"Baffa, yaushe rabonsu da ƙoshi?" in ji Dakta.

"Alhamdulillahi, Malam, suna taɓawa."

Kusa da su wani maraƙi na tauna baƙar leda.

Dattijon ya ɗan matsa jikin wayar. "Gamba ce wannan?" ya ce a hankali, kamar wanda ya ga ɗan'uwan da aka ce ya rasu. "Ni na ɗauka ta bar ƙasar nan."

Elizabet ta fito daga gidansu da ke kusa da filin, da zani a kafaɗa.

"Baban Sandra, saura damina ɗaya fa."

"Na sani."

"To. Ga makullin. Na san in ba ka buɗe ba, tuwona ne zai kwana a kwano."

Ya buɗe. Waɗanda suka ga abin sun ce shanun ba su yi turereniya ba, sun shiga a nitse kamar masu shiga wurin ibada. Daga nan ba ka jin komai sai ƙarar yagar ciyawa. Dakta da kansa ya yanko dami ya ajiye gaban farar saniyar, kafin la'asar sai ga saniyar ta miƙe. Da suka fita, filin kamar an yi masa aski.

Farfesa bai samu ba, har yau Dakta ake kiransa. Bai taɓa yin zancen ba.

Da ruwa ya sauka sai unguwa ta ga abin mamaki. Irin ciyawar ya maƙale a gashin shanun da kofatonsu, suka yi ta zubar da shi a hanya. Gamba ta fito a bakin kwalbati, ta fito bayan shagon mai cajin waya, ta ratsa tsakanin katangu biyu, ta miƙe kore shar har bayan gari. Tsofaffi suka bi ta da kallo suka ce nan ne burtali, daidai inda yake kafin a zuba bulo na farko.

Yanzu ranar Asabar a titi ake ganin Dakta, yana bin layin nan da ƙarfensa, ya juya baya, ya wurga. Ɗantala na biye da shi a keke sannu-sannu, yana ɗaga wa masu babur hannu.

"A kauce, jama'a, a kauce. Ƙeyar Dakta ba ta san kowa ba."