Takalman Illo a Reshen Tsamiya

Har yau ban manta da ranar da likita ya ajiye takarda a kan teburina ya ce aikin hannuna bai yi amfani ba. Na shekara talatin da ɗaya a lokacin ina aiki a sashen ɗori na wani asibiti a wannan yanki namu na Isa da Sabon Birni, ni ne babba a sashen, kuma ba a taɓa faɗa mini haka a gaban majinyaci ba. Tun da ku da kuka gaje mu kun nemi labari ɗaya daga cikin aikin, wannan za ni ba ku.

Ga wanda bai san sana'ar ba, tafin ƙafar ɗan Adam yana da kwarmi a tsakiya, wanda ba ya taɓa ƙasa idan an tsaya. Wasu ba su da shi tun haihuwa, kuma bai dame su ba. Wasu kuwa yakan faɗi bayan sun girma, ƙafar ta shimfiɗe, idon sawu ya karkato ciki, tafiya ta zama azaba. Irin waɗannan ake turo mana mu yi musu shimfiɗar cikin takalmi daidai da ƙafarsu. Mutum yakan kwanta rub da ciki, in naɗe ƙafar da bandejin filasta, wanda jama'a ke kira siminti. Idan ya bushe in zare shi kamar kwasfa, in cika shi da filasta, sai ga ƙafar mutumin fara fat a kan tebur. A kanta nake gina shimfiɗar, roba mai tauri a ƙasa, fata a sama, in ɗaga wurin da ya faɗi. Ta dama daban, ta hagu daban, kuma ba a ba da aronta.

Majinyacin sunansa Illo, manomi ne daga wajen Bafarawa, mutum mai kimanin shekara arba'in da biyar, marar yawan magana. Da rani ya fara zuwa. Na sa ya jiƙa ƙafa ya taka daɓe, sawun ya fito cikakke kamar an ajiye bulo. Na yi masa shimfiɗa wadda har yau nake ganin tana cikin mafi kyau da na taɓa yi, na raka shi da kaina ya sayi takalmi rufaffe mai igiya, na ce ya sa kullum, ya dawo bayan wata biyu.

Ya dawo yana ɗingishi fiye da da. Likitan namu, matashi ne mai ƙwazo da bai daɗe da zuwa ba, ya tambaye shi ko yana sa takalmin, ya ce kullum. Sai likita ya rubuta takardar tura shi Sakkwato a duba yiwuwar aikin tiyata, ya kawo mini in sa hannu cewa an gwada shimfiɗa ba ta yi ba. Aikin tiyatar ƙafa yana nufin watanni ba a taka ƙasa, damina kuwa saura 'yan makonni. Illo ne ke bin shanun huɗa a gonarsa da ta surukinsa, don 'ya'yan tsohon maza duk suna ci-rani mai nisa. Idan Illo ya kwanta, gida biyu ba su da gero a bana.

Na nemi a ba ni takalmin. Na zaro shimfiɗar na duba ta a bakin taga. Fatar da ƙafa ta taka wata biyu takan yi baƙi, babban yatsa ya bar gurbinsa, kuma takan yi warin da ba sai an kai ta hanci ba. Wannan tana ƙanshin shagon dukawa. Na dubi dugadugan Illo, duk faso, ƙasa ta cika tsagogin.

Na ce masa ya faɗa mini daga ina zuwa ina yake sa takalmin. Ya ce yakan sa shi a ƙofar gida, ya hau babur, ya sauka a bakin gona. Daga nan sai ya cire, ya sa a leda, ya rataye a reshen tsamiya. Idan an tashi ya sake sawa ya hau babur. Ashe takalman sun yi wata biyu suna hawan babur.

Na tambaye shi dalili. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba na nan zaune."

Surukinsa yake nufi. Tun da tsohon ya daina riƙe fartanya, yakan shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar da ke iyakar gonakin biyu, daga hantsi har azahar. Illo kuma bai taɓa tsayawa da takalmi a inda idon mahaifin matarsa ke kaiwa ba. Idon tsohon kuwa yana kaiwa ƙarshen gonar.

Na ce wa likita ba za ni sa hannu ba, domin ba a gwada shimfiɗar ba tukuna. Ya ce shi bai karanta suruki a cikin dalilan ciwon ƙafa ba. Na ce ni ma ban karanta ba, amma ina roƙon ya riƙe takardar mako biyu. Ya ce mako biyu, ba ƙari.

Ranar kasuwar Bafarawa na tafi, don ita ce ranar da babura ke tafiya a ayari, hankali ya fi kwanciya. Na sa farar rigar aikina a jaka, sai da na isa bakin gona na saka ta. Rana ta kusa tsaka. Illo yana can yana watsa taki ba takalmi, ledar tana lilo a reshe, a ƙarƙashinta ga tsoho, Alhaji Na'Allah, mutum siriri da ya haura tamanin.

Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo. Ya kira ni likita, na gyara masa na ce ni ma'aikacin ɗori ne, ya ce to likita. Na yi masa bayani filla-filla, har na zana kwarmin ƙafa a ƙasa da tsinke. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Ai na ce mashi ya sa. Shekara ashirin ina ce mashi, shina ce mani to."

Na ce wannan karon ba batun ƙaya ko zafin ƙasa ba ne. Idan ƙafar ba ta zauna a cikin wancan takalmi ba, za a yanka ta a Sakkwato, kuma ruwa zai sauka Illo yana kwance. Tsohon ya dubi gonar, ya dubi ledar. Sai ya dafa sanda ya miƙe, ya bar takalmansa a gefen tabarma, ya fita daga inuwa.

Ku da kuka san yashin wannan ƙasa a ƙarshen bazara ba sai na yi muku bayani ba. Ni da nake cikin takalmi sau-ciki ina jin sa. Ya yi taku kamar ashirin ya tsaya a tsakiyar fili. Bai dubi Illo ba, ni ya duba.

Ya ce, "Likita, ka gaya ma yaron ga, ni na bar yi mashi magana. In dai ƙafatai na ƙasa, tawa na ƙasa. Yau, da gobe, da jibi."

Illo yana jin komai, amma tun da ni aka aika, na taka na je na maimaita masa. Ya durƙusa daga inda yake ya ce, "Baba, a koma inuwa." Tsohon ya tambaye ni ko an yi ruwa a wajen Sabon Birni. Na ce ba a yi ba. Ya ce Allah ya kawo na alheri, ya sauya ƙafa.

Na duba agogo, domin al'adata ce. Minti huɗu aka yi a haka. Sai Illo ya tashi, ya nufi tsamiya da sauri gwargwadon yadda ƙafarsa ta bari, ya sauke ledar, ya zagaya bayan bishiyar inda ba a ganinsa. Can ya ɗaura igiya. Da ya fito yana tafiya kamar mai satar hanya a cikin masallaci. Tsohon ya ɗaga kai yana nazarin gabas har Illo ya wuce, sannan ya dawo tabarma a hankali, ya zauna, ya nemi in miƙo masa buta. Ya zuba ruwa a ƙafafunsa ya ce ƙasar bana da zafi. Daga baya an gaya mini bai taɓa kallon Illo daga gwiwa zuwa ƙasa ba har aka yi girbi.

Bayan mako biyu Illo ya zo, ɗingishin ya ragu. Likita ya ƙara masa wata guda. Da ya sake dawowa an riga an yi huɗar gonakin biyu. Na zaro shimfiɗar, ta yi baƙi ƙirin, gurbin yatsa ya zauna, sai da muka buɗe taga ta biyu. Na kai wa likita ita har ofishinsa a kan faranti. Ya ce ya gani, in fitar da ita. Takardar Sakkwato tana cikin fayil ba sa hannuna. Ƙafar Illo ba ta sake yin kwarmi ba, kuma ban taɓa yi masa alkawarin haka ba, amma tana kai shi ƙarshen kunyar gona ta dawo da shi.

An koya mana auna ƙafa tun daga dugadugi har yatsa, kuma na iya, ba na ɓoyewa. Ba a koya mana tambayar inda ƙafar ke wuni ba. Mutanenmu ba sa yi wa ma'aikacin asibiti ƙarya, amma abin da ka tambaya shi za su amsa. Daga wannan shekara na ƙara layi ɗaya da biro a ƙasan takardar awon ƙafa, kuma na ji an ce har yanzu kuna kwafe shi ba ku san asalinsa ba: a gaban wa kake cire takalmi, kuma awa nawa yake zaune?