Damanar da fitilun Baba suka riƙa mutuwa

Jiya wani ɗan kabu-kabu ya tsaya kusa da ni a bakin kasuwa, warin ƙonanniyar waya yana tashi daga babur ɗinsa. Tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya, sai tuna motar Baba nake.

Ina 'yar shekara goma, Baba yana da tsohuwar a-kori-kura, yana kwaso albasa daga ƙauyuka zuwa kasuwar garin Malanbil da ke bakin gulbi. Wata damana fitilun motar suka lalace. In ya faɗa rami su mutu, in ya faɗa wani su dawo. Sau uku yana canza ƙwan fitila. Wata magariba suka ɗauke a hanyar Gene, ya buge saniyar wani makiyayi. Saniyar ta tashi da ɗingishi, amma Baba bai ƙara samun natsuwa ba. Sai zagayen tsakar gida yake, yana cewa zai sayar da motar ya tafi Kwatano dako.

Kawuna, yayan Inna, ya daɗe yana gyaran wutar mota a Gaya kafin yanar ido ta rufe shi. Da hantsi, ba wanda ya aike ni, na je na jawo shi da sandarsa.

Ya laluba bayan fitilar, ya zaro mahaɗin wayoyin, ya sansana.

"Ɗiyata, mi kika gani ciki?"

"Kore-kore, Kawu, kamar gansakuka."

"Raɓar gulbi ce. Bi baƙar wayag ga har inda aka ɗaure ta ga jikin mota."

Na bi ta da yatsa. Notin ya yi tsatsa, yana rawa. Kawu ya sa na kankare ko'ina da wuƙar Inna har ƙarfe ya yi fari, na matse notin, na shafe da giris. Baba ya kunna, ya hau bayan motar yana tsalle iya ƙarfinsa. Fitilun ko ƙiftawa ba su yi ba.

"Ƙwan bai da laihi," in ji Kawu. "Kowace damana ka buɗe ka duba."

Baba bai tafi Kwatano ba.

Yanzu in fitila ta mutu, cire ta ake ɗungurungum a sa sabuwa. Nakan tsaya bayan masu gyara, bakina yana ƙaiƙayi, wani lokaci har in ce su duba wayar tukuna. Sai su dubi kwandon tallan da ke kaina su yi dariya. Kwanan baya dai ɗayansu, bayan ya gama dariyar, ya duƙa ya duba.