Baba Idi bai koma Yawuri ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina sa yunifom aka kira ni, wai Baba Idi ya rasu. Bayan asuba ya ce ƙirjinsa, kafin motar asibiti ta iso ya cika.

A feri, jirgin ruwan fito, na san shi. Ni Bakanuwa ce, ruwan da ya wuce na bokiti tsoro yake ba ni, ga shi kullum sai na tsallaka daga tashar St. George zuwa aiki. Ya gan ni na ƙanƙame kujera ina salati, ya ce, "'Yata, wannan ai kwano ne, ba ki ga kogi ba."

Mutumin Yawuri ne. Kafin ya zo nan ƙasar waje ya zama maigadi, baƙi yake ɗauka a kwalekwale su ga dorina da kada da tsuntsaye. Yakan yi wa masu kwanciya a otal ɗin bakin teku dariya, wai sun je Afirka sun ga yashi.

Duk shigarmu feri sai ya ƙwanƙwasa ƙarfen gefe sau uku. Ya ce haka suke yi wa kwalekwale, dorina ta ji ta ɗago kai, ka san inda take ka kauce. Na ce, "Baba, nan babu dorina." Ya ce, "Hannun ne bai sani ba."

Shekara goma sha bakwai rashin takardu ya hana shi zuwa gida. Bana suka fito. Ya so tafiya a Agusta, ni na roƙe shi ya jira Disamba in sami hutu mu tafi tare, ya nuna min kogin nasu.

Ya jira.

Ranar Laraba na ce ko ya yi gaba kawai. Ya ce, "Wa zai riƙe ki in kin fara salati?"

Wannan ne yake cina, wallahi.

Na shiga feri ɗazu ina kuka, na ƙwanƙwasa sau uku.

Allah Ya jiƙanka Baba, Ya gafarta maka, Ya ba ka gida a gefen ƙoramun Aljanna. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ni ma ku sa ni a ciki.