Rufin Gidanmu da Wuta Ba Ta Taɓa Ba

Tsufa ya ƙwace mini abubuwa da dama, amma wannan bai iya ba, kuma ba na zaton zai iya. Ranar Asabar ce, da ƙarfe biyu da rabi na rana, a Zangon Kumasi, zamanin da rufin kwano sai gidajen attajirai. Ina zaune a zaure tare da mahaifina da wani baƙonsa mai fataucin goro. Tasowata ke nan daga ofishin da nake aikin akawu, ban ko cire takalmi ba, sai muka ji kururuwa. Gobara ta tashi a gidan maƙwabcinmu na gabas, wanda katanga ɗaya ce ta raba mu.

A makarantar Mishan an koya mana cewa kowane aiki yana da tsarinsa, kuma a sanina tsarin kashe wuta ɗaya ne, a zuba mata ruwa. Haka jama'a suka yi. Suka jeru daga bakin rijiya, tulu da garwa suna bin hannu, wutar kuwa sai ƙaruwa take yi.

A wancan lokaci 'yan sanda ne ke kashe gobara. Suka iso a guje, suna jan famfon hannu a kan amalanke, wasu ɗauke da ƙugiyoyi masu dogayen gorori. Shugabansu wani saje ne ɗan ƙabilar Moshi, mai Hausar bariki. Muka dare muka ba su hanya, muna jiran ruwa. Ba wanda ya taɓa famfon. Sajen ya tsaya ya ɗaga kai yana duban hayaƙi, kamar wanda aka gayyato kallo.

Can ya tambayi maƙwabcinmu, "Akwai mutum a ciki?"

"Babu, kowa ya fito."

"Ka gani da idonka, ko an gaya maka?"

Sai da mutumin ya koma ya duba iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Sajen ya nuna ɗakin da hayaƙinsa ya fi baƙi. "Wancan fa, mene ne a ciki?" Aka ce man kaɗanya ne na sayarwa. Nan take ya daka tsawa a daina zuba ruwa. Wuri ya ruɗe. Wata tsohuwa ta dire tulunta ta ce, "Lalle, an aiko mana mai tsaron wuta kada ta mutu!" Bai ko waiwaye ta ba. Ya damƙi ƙasa ya watsa sama, ya bi ƙurar da ido, ya taɓa katanga da bayan hannu, sannan ya nufo zaurenmu.

Mahaifina ya tare ƙofa. "Ina zuwa?"

"Zan ga bayan wuta, Baba. Daga cikin gidanka ake ganinsa."

"Gidan nan ba a shiga. Akwai iyali."

A gidanmu, namijin da ba muharrami ba bai taɓa wuce zaure ba, ko mai gyaran rufi sai an kawar da mata tukuna. Suka tsaya ido cikin ido, wuta tana ruri a bayansu. Wani daga cikin taron ya ƙwala mini kira da sunan da mutanen Asante ke kiran akawu: "Kirakye, yi masa Turanci mana!" Na buɗe baki, na rasa wanda zan rarrasa a cikinsu. A ƙarshe na ce, "Baba, a ba ni izini in fitar da su ta ƙofar baya." Ya gyaɗa kai. Na shiga na fitar da iyayena mata da ƙannena zuwa gidan gwaggona, sai da na dawo aka bar sajen ya wuce.

Na bi shi, na duba duk inda ya duba. Ban ga tartsatsi ko ɗaya a kan rufinmu ba. Ya sake watsa ƙasa sama, ta karkato wajenmu kaɗan. Ya juya ga mutanensa ya ce, "A sauke rufin nan duka."

Mahaifina ya ce, "Wuta tana can, kana rushe nan? Bana aka yi mini baibayar nan!"

"Baba, wancan gida ya gama. Naka ne hanyarta zuwa sauran Zango."

Sai mahaifina ya juyo gare ni, abin da ba ya yi a gaban mutane. "Kai da ka yi karatu, faɗa mini. Daidai ne?"

Na iya lissafi, na iya rubutun da ba a samun kuskure a cikinsa, amma wannan tambaya ba ni da amsarta. Ina tsaye ina inda-inda, ƙugiyoyi suka kama ciyawa. Aka yaye ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, aka ja ciyawar zuwa fili. Sai a lokacin famfon ya fara aiki, kuma ba a kan wutar ba, a kan katangarmu da itatuwan rufin da aka tsiraita.

Kafin la'asar iska ta kwanta. Harshen wutar da ya karkato ya miƙe tsaye, ya cinye man kaɗanyar, ya mutu a inda yake.

Unguwa ta rabu biyu. Wasu suka ce sajen ya ceci Zango. Mahaifina kuwa har ya koma ga Allah yana cewa iska ta riga ta yi niyyar kwanciya, an yaye masa gida a banza. Na auna maganar ta kowace fuska, kuma ni mutum ne da ba ya son barin tambaya ba amsa, amma har yau ban san wanda ke da gaskiya ba. Abin da na koya shi ne, wanda ya iso wurin gobara dole ya duba kafin ya taɓa, kuma ko ya duba da kyau, hukunci zai yanke a kan abin da bai faru ba tukuna, ba kuwa lalle ne a taɓa sanin ko ya dace ba. Tun daga ranar nake jinkirin yi wa irin waɗannan mutane gyara, ni da ba na ƙyale kuskuren kowa.

Gidan maƙwabcinmu ya ƙone ƙurmus. Ba a rasa rai ba. Namu bai ƙone ba, kuma muka shiga damina ba rufi.