Ƙishirwa a Tsakiyar Gulbi

Ƙishirwa ce ta kashe mini ɗa, kuma a tsakiyar gulbi ta same shi. Masu cewa kwana ne ya ƙare, na ji, ban musa ba. Amma akwai mutumin da ya hana shi shan ruwa, kuma ban yafe ba.

Ɗan farina ne. Tun yana ƙarami in an neme shi an rasa, gulbin Jega ake zuwa. Da ya zama saurayi sai wani mai horar da masu iyo ya sa shi cikin waɗanda za su je gasa. Bazara ce, zafi kamar ya dafa mutum. Mai horon ya sayo musu wani farin gari a gwangwani, wai yana sa a daɗe ba a gaji ba. A bushe suke afa shi kamar garin kwaki. Ruwa kuwa ya hana, wai yana sa ciki nauyi.

A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi. Ran nan da safe na ga leɓɓansa duk sun tsage, sai na ajiye moɗa kusa da shi ina kallon wani gefe.

"Inna, an hana," ya ce. "Wanda ke cikin ruwa mi zai yi da ruwa? Kin taɓa ganin kifi ya roƙi moɗa?"

"Kai kifi ne? Wa ya haifi kifi gidan ga?"

Ya yi dariya ya fita. Moɗar tana nan cike.

Tun hantsi suke iyo har la'asar. Jijiyoyinsa suka ɗaure, abokansa suka jawo shi gaɓa. Fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya. A asibiti malamar jinya ta ce mini, "Inna, mai iyo yana gumi kamar mai haƙar albasa a Aliero. Gulbi ne ke wankewa ba a gani. Irin garin nan ma da ruwa mai yawa ake shan shi." Ta ce ƙodarsa ta tsaya.

A bakin gadon nan na kira sunansa, karon farko tun da na haife shi. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Inna, ashe kin san shi."

Bai ƙara magana ba.

Ran sadakar uku mai horon ya zo gaisuwa, ya durƙusa daga bakin ƙofa. "Sai haƙuri, Inna. Mu ma haka munka taso."

"Sauran yaran fa?"

"Suna yi. Gasa ta matso."

Tun can baya, da furfurata na shiga makarantar manya, kuma ban manta ranar da aka koya mana haɗa ruwan gishiri da sukari ba. Washegarin sadakar ukun na haɗa shi cike da jarka, na dama kunun zaƙi, na ɗora a kai, na ratsa masu zaman makoki a ƙofar gida. Na tarar yaran sun shiga gulbi, mai horon yana gaɓa da gwangwaninsa. Na sauke kaya a gabansa, na fito da moɗar nan, na ɗaga murya:

"Ku hito! Wanda bai sha ba, ba ya komawa."