Yashin Hajo Mai Gyaɗa

Duk direban da ya taɓa yini a layin manyan motoci na Magama, bakin iyakar Nijar kusa da Jibiya, yana jiran a duba masa takardu ya san gyaɗar Hajo, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Gyaɗa ce mai gishiri a cikin kwalba, ta soyu ta yi ja, ka zazzage kwalbar kaf ba za ka tsinci ƙonanniya ɗaya ba. A kan teburin da ke gefen rumfar mijinta Uwaisu mai facin taya ake jera ta, kuma kafin la'asar sai dai ka tarar da teburin.

Hajo 'yar Bugaje ce. Wajen kakarta ta koyi suya, tun tana hawa kan kifaffen turmi kafin ta hango cikin kasko. Tsohuwar ba ta damu da koya mata zaɓen gyaɗa ba, yashi ta koya mata: wanda ya yi laushi da yawa manne wa gyaɗa yake, mai tsakuwa kuma ƙona ta yake. Da aure ya kawo Hajo Jibiya shekara goma sha biyu da suka wuce, kafin ta san sunayen maƙwabta ta riga ta san lungun gulbin da za a ɗebo mata yashi da rani. Amalanke guda ake jibge mata a gindin katanga, kusa da madafi, shi take ɗiba har shekara.

Mace ce mai fara'a, ga dariya kamar ta fasa gida, amma fa tana da hali guda, kuma Allah Ya sani ya ishi mutane. Hajo ba a yi mata aiki. Ki share mata tsakar gida, za ta yi miki godiya har da addu'a, kina juya baya ta ɗauki tsintsiya ta sake. Yashinta kuwa, ai ko mijinta bai isa ya sa hannu ba. Kullum da safe ita ke durƙusawa gaban tulin, ta ɗiba, ta tankaɗe da rariya, ta tsince ƙirare da tsakuwa da yatsunta. Takan tsince har da abin da kyanwarta ta binne a ciki.

Ita kyanwar, daga bayan wata motar albasa ta Nijar ta diro wata rana, ramammiya, ta biyo Uwaisu har gida. Cikin wata guda ɓerayen da suka addabi buhunan gyaɗa suka zama labari. Uwaisu ya sa mata suna Duwan, wato abin da mutanen tsallake ke kiran kwastan ɗinsu, don ya ce ba abin da ke wucewa ta gabanta ba ta bincika ba. Duwan ta duba gidan nan kaf, ba ta ga wurin da ya dace da lalurarta ba sai tulin yashin Hajo. Hajo ta yi faɗa, ta yi jifa da takalmi, ta gaji ta haƙura.

Abin da gidan ya rasa shi ne kukan jariri. Sau uku Hajo tana samun ciki, sau uku yana zubewa kafin ya kai wata huɗu. Ba ta cika maganar ba, amma abin yana cin ta, kuma Uwaisu ya sani. Saboda haka da na huɗu ya zo, ya wuce wata huɗu har ya fara motsi, sai su biyun suka shiga lallaɓa shi, kowa yana tsoron ya yi murna da ƙarfi.

To, cikin nan da nasa salon ya zo. Wasu matan tsamiya suke kwaɗayi, wasu ɗanyen mangwaro. Hajo ƙamshin jiƙaƙƙen yashi ne ya kama ta. Tun tana yayyafa ruwa tana shaƙa, har ranar da ta waiga hagu ta waiga dama, ta ɗauki ɗan kaɗan ta ɗora a harshe. Wayyo daɗi! Daga ranar kullum sai ta taɓa, kuma ko ƙawarta ta kusa ba ta gaya wa ba.

Ranar awo, malamar asibiti, wata doguwa mai suna Muhsina, ta ja fatar idon Hajo ƙasa, ta kama hannunta ta juya, ta ƙura wa faratanta ido.

"Jininki ya yi ƙasa, Hajo. Mi kike ci wanda ba abinci ba?"

"Ni? Ba komi, Malama."

"Ke dai faɗa mini. Na ga mai cin gawayi, na ga mai cin bangon ɗaki. Ba ki zo da sabo ba."

Hajo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta faɗa can ƙasa-ƙasa. Malama Muhsina ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ta inda yashin yake, ko a rufe yake, ko akwai dabbar da ke hawa. Da ta ji labarin Duwan sai ta ajiye biro.

Ta ce mata kashin kyanwa, musamman mai farautar ɓera, yakan ɗauki wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani. Babban mutum zai iya kamuwa bai ma sani ba, amma idan mai ciki ta kamu takan ratsa har wurin ɗan, ta taɓa masa ido ko ƙwaƙwalwa, wani lokaci ta zubar da cikin. Ta baki take shiga, daga hannun da ya taɓa ƙasar ba a wanke ba. Hajo ta dafe cikinta da hannu biyu.

"Malama, ko shi ne ya ci na baya?"

"Wannan Allah kaɗai Ya sani, kada ki ɗora wa kanki. Wanga da ke ciki, a kansa muke magana. Kuma ba cewa na yi ki kori kyanwarki ba. A yi mata wurinta daban, wani ya riƙa kwashewa kullum kada ya kwana, don sai ya jima a ajiye yake zama haɗari. Naki yashin a rufe. Ke kuwa hannunki ya fita daga ciki sai kin haihu, bakinki ma haka."

Ta ba ta maganin ƙarin jini, ta ce kwaɗayin zai ragu in jinin ya dawo.

A hanyar gida Hajo ta yi ta juya maganar. Wani ya riƙa kwashewa! Wa ke nan? Ita da ba ta taɓa cewa wani ya miƙo mata ludayi ba? Da Uwaisu ya dawo sai ta ba shi rabin labarin, ta faɗi na kyanwa ta haɗiye na cin yashi. Shi kuwa bai tsaya jin ƙarshe ba, ya miƙe tsaye.

"Shi ke nan. Lahadi ranar kasuwa in sa ta a buhu in ba masu mota su maida ta inda ta fito. A kan kyanwa zan rasa ɗa?"

Kwana biyu Hajo tana fama da zuciyarta. Ta san korar Duwan ba ta raba ta da matsalar, don da idonta ta sha ganin muzuran maƙwabta suna tsallako katanga su hau tulin nan. Ta kuma san cewa ko da safen nan sai da ƙafarta ta kai ta gindin katanga, ta tsaya yawu na tsinkewa, da ƙyar ta juyo. Tsoro ya kama ta sosai, tsoron kanta. Ranar Asabar da safe, Uwaisu na shan koko, ta zauna nesa kaɗan ta sunkuyar da kai.

"Malam, ba kyanwar ce kaɗai ba. Ni ce. Yashin nan ci nake yi."

Uwaisu ya ƙware, koko ya biyo ta hanci. Ya yi tari, ya yi dariya har da riƙe ciki, yana cewa ashe shi ya sa amalanken bana bai yi albarka ba. Sai ya ga ita ba dariya take ba, hawaye ne ke zuba. Ya ajiye ludayin.

"Na kasa bari ni kaɗai," in ji ta. "Ka taimake ni."

Shekara goma sha biyu bai taɓa jin wannan kalma daga bakinta ba. Ya sa hula, ya hau babur ya tafi asibitin da kansa, ya samu Malama Muhsina ta karanta masa komai dalla-dalla. Ranar bai buɗe rumfa ba sai azahar. Ya sa aka kwashe tsohon tulin gaba ɗaya aka fitar. Ya samo duro mai murfi ya cika da sabon yashi, ya ɗora masa tsohuwar tayar tirela a kai, wadda ko shi sai ya yi nishi yake ɗagawa. Ya yanka jarkar mangyaɗa gida biyu, ya zuba yashi a rabin, ya kai can bayan ɗaki kusa da makewayi, ya ɗauko Duwan ya dangwarar da ita ciki yana yi mata bayani kamar mai jin Hausa.

Daga nan aiki ya zama nasa. In ya dawo sallar asuba sai ya zura hannuwansa cikin leda, ya kwashe da 'yar shebur ya zuba a masai, ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Duk Juma'a ya ƙona jarkar da tafasasshen ruwa. Yashin suya ma shi ke tankaɗewa ya zuba a kasko, sai ya sha wuta ya yi zau sannan Hajo ta matso da gyaɗarta.

Kada ku ɗauka halin ya tafi. Tana zaune kan kujera 'yar tsugunno, ciki a gaba, tana ba da umarni daga nesa.

"Malam, ba haka ake riƙe rariya ba. Kaɗa ta, ba girgiza ba. Kai, wannan tankaɗe ko wasa?"

"To zo ki yi."

"Ai ka san ba ni iyawa."

"To ki yi shiru."

Sai su kwashe da dariya. Labari kuwa bai daɗe ba ya kai tasha, don wani maƙwabci ya leƙo ya gan shi hannu cikin leda. Abokan sana'a suka sa shi gaba, kowa ya zo wucewa sai ya tambaye shi lafiyar uwar ɗakinsa Duwan. Uwaisu yakan ci gaba da buga tayarsa, ya ce su yi ta yi, shi ya san abin da yake jira.

Wata biyar aka yi haka, ko fashin kwana ɗaya babu. Kwaɗayin ya ragu kamar yadda malamar ta faɗa, ko da yake ranar da aka yi ruwan farko ƙasa ta tashi da ƙamshi sai da Hajo ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Cikin damina, wata Talata da hantsi, ta haifi ɗiya mace, mai ƙiba, mai ƙarar murya, idanu tar. Malama Muhsina ta duba ta sama da ƙasa ta ce lafiya lau.

Ranar suna, tun da aka sallame asuba maza suka cika ƙofar gida. An shimfiɗa tabarmi, ga goro ga dabino, rago na ɗaure, liman ya gyara zama yana jiran uban jaririya ya raɗa masa suna. Aka nemi Uwaisu aka rasa. Yayansa ya leƙa zaure, ya aika cikin gida a tambaya, mata suka ce su ma ba su gan shi ba.

Hajo na ɗaki, jaririya a ƙirji, sai ta ji ƙarar shebur daga bayan taga. Ta ɗaga labule. Ga Uwaisu cikin sabuwar shadda, ya naɗe hannun babbar riga bisa kafaɗa, hannuwa cikin leda, ya durƙusa gaban rabin jarka. Duwan na gefe tana kallonsa.

"Malam! Liman fa kai yake jira. Ai na sauka, bar shi, in an jima ni sai in kwashe."

Bai ko ɗago kai ba.

"Ke da goyo a hannu? Koma ki zauna. Liman ya ƙara haƙuri kaɗan, mu shekara goma sha biyu muka yi muna jira."

Hajo ta saki labulen, ta koma bakin gado ta zauna. Dariya take, hawaye na ɗiga kan zanen jaririyar, kuma ba ta ce masa ga yadda ake riƙe shebur ba.